Yaya a Cikin 'Yan Kallo

Inna ba ta taɓa tsayawa kallon ƙwallo ba, ko ta tsumma da yaran unguwa ke bugawa a bakin kududdufi. Sai ga shi a ƙarshen rayuwarta ta haddace wasan zari-ruga guda, tun daga busar farko, kamar yadda ta haddace hanyar kasuwar kifi. Zakarun Ingila ne suka kara da zakarun Ostireliya. Ba abin da ya haɗa mu da su. Ɗanta take nema a ciki.

Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yanta, ni da Yaya. Babanmu ya rasu ina ƙarama, da bandar kifi ta rene mu, da taliyar da take murzawa tana shanyawa a igiya idan kifi ya yi wuya. Yaya ya yi karatu, ya samu aiki wajen masu noman rani na gwamnati, shi ke kula da injinan ban-ruwa a fadama. Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka tura shi kwas arewacin Ingila, aka ce shekara guda. Inna ta daka masa yaji, ta zaɓo tarwaɗa manya ta banda masa su har suka yi ƙarau, ta ƙunsa masa kuka da daddawa. Shekara ta cika, abokan tafiyarsa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Shi shiru.

A shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, na ƙarshensu ya dawo, wani mutumin Kafin Hausa. Ya yi sallama a ƙofar gida, Inna ta ce a shigo da shi zaure. Ya miƙo rigar sanyi mai kauri da kaset ɗin bidiyo baƙi.

"Inna, ya ce a gaishe ki da kyau. Ya ce yana nan lafiya, ya samu ɗan aiki. Ya ce ranar da aka yi wasan da ke cikin kaset ɗin nan yana filin, ku duba cikin 'yan kallo za ku gan shi."

"Yaushe ya ce zai zo?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya ce bai faɗa masa ba.

Ni kam a ranar zuciyata kamar ta fashe. A ce mutum ya bar uwarsa tana shaƙar hayaƙin banda tana tari, abin da ya ga ya dace ya aiko shi ne ƙarti suna kokawa a kan ƙwallo? Ko ɗan hoto na kati, ba zai iya shiga shago ya ɗauka ba? Na faɗa a gaban baƙon, ban rage komai ba. Inna ko kallona ba ta yi ba. Ta goge kaset ɗin da gefen zaninta, ta tambayi baƙon ta ina ake kunnawa.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ina aure a unguwar, gida uku tsakanina da ita. Ba mu da bidiyo, mijina ma rediyo ce iyakarsa. A layinmu gida ɗaya ne ke da shi, gidan wani malamin sakandare mutumin Filato, wanda kowa ke kira Malam kawai, matarsa kuma Maman 'yan biyu. Sun daɗe a Hadeja, wajen Inna suke sayen kifi. Da na yi musu bayani, Maman 'yan biyu ta ce, "Haba, har sai kin roƙa? Ki kawo Mama ranar Lahadi idan mun taso daga coci."

Muka je bayan azahar. Inna ta sa mayafinta na zuwa biki, ta ɗauki kifi a faranti ta rufe. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa dab da talabijin.

Abin da ya fara fitowa fili ne kore shar, fitilu sun haske shi, mutane maƙil ta kowane gefe, bakin kowa na fitar da tururi saboda sanyi. Sai 'yan wasan suka fito, wuyan kowannensu kamar turmi. Ƙwallon ma ba mulmulalliya ba ce, kamar gwanda take. Malam ya taɓa ganin wasan a kwaleji, shi ya yi ta yi mana fassara. Ya ce goma sha uku-uku ne. Wanda ya riƙe ƙwallo zai ruga, su kuma su kayar da shi. Idan aka kayar da 'yan gefe ɗaya sau shida ba su kai ta bayan layi ba, sai su miƙa wa abokan hamayya. Kuma ba a jefa wa na gaba, sai na baya.

Karon farko da mutum uku suka haɗu suka maka wani da ƙasa, Inna ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Idonta ba ya kan fili. Duk sanda aka juya na'ura wajen 'yan kallo sai ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Fuskoki ne jajaye, huluna, mayafan wuya, kafin ka tantance ɗaya an ɗauke. Aka tafi hutu aka dawo, ba Yaya. Na fara cewa mu tashi la'asar ta kawo jiki. Can sai wani siriri ya karɓi ƙwallo ta gefen fili, ya zille wa mutum biyu, ya yi tsalle ya faɗi da ita a kusurwa. Filin ya kaure da ihu. Na'ura ta bi ta kan mutanen da ke bayan kusurwar, sai ga wani baƙin mutum da hular sanyi, ya ɗaga hannu ɗaya sama, kafaɗar hagunsa a karkace. Ƙiftawar ido, ya wuce.

"Tsaya!" in ji Inna. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidan mutane ba sai ranar.

Malam ya mayar baya, ya tsayar da hoton. Hoton na rawa, layuka na ratsa shi, fuskar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ga kafaɗar nan. Wadda ya karye da ya faɗo daga giginya. Ga ta nan."

"Inna, baƙaƙen fata nawa ne a Ingila?" na ce. "Kowa ya ɗaga hannu ɗaya ai ɗayar kafaɗar sai ta sauka."

"Ke kika haife shi?"



Daga nan Lahadi ta zama ranarta. Idan masu wuta suka ɗauke, Malam ya tayar da ɗan janaretansa, bai taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka masa. Da farko wajen kawai take so: a kai, a tsayar, a mayar, a sake tsayarwa. Bayan 'yan watanni hoton ya fara yin dishi-dishi a daidai wurin. Malam ya buɗe murfin kaset ɗin ya nuna mana zaren, baƙi mai sheƙi, amma a wannan gurbin ya yamutse kamar ganyen da aka murza.

"Mama, tsayarwar nan tana cin kaset. Idan muka ci gaba haka, wata rana za mu nemi hoton mu rasa. Ki ba ni in kai Kano a kwafa mana a wani, kwana biyu in dawo miki da shi."

Inna ta karɓe kaset ɗin daga hannunsa ta cusa a cikin mayafi.

"Malam, ɗaya ya tafi bai dawo ba. Ba zan ba da na biyu ba."

Ba irin lallashin da ba a yi ba. Na ce in raka shi da kaina, ta ce ni ma ba ta yarda ba. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: a daina tsayarwa, a daina mayarwa. A kunna daga farko, ta zauna ta jira har ya wuce sau ɗaya, shi ke nan sai wata Lahadin. Ta haka ta koyi wasan. Tsohuwar da ba ta san ko harafin boko ba, sai ka ji tana cewa, "Wannan mai jan gashin ba ya sakin ƙwallo, shi ya sa kullum yake shan ƙasa." Tana ƙirga kayarwa da yatsunta. Tana goyon bayan waɗanda Yaya ya ɗaga wa hannu, tana jin haushin alƙalin wasa a kan hukunci guda, kowane mako, kamar yau ya yanke shi. Idan aka kayar da mai jan gashi karo na biyar bayan hutu, sai ta gyara mayafi ta miƙe zaune. Ta san saura kaɗan.

Ana cikin haka labarai na ta zuwa, ba wanda ke da tushe. Wani ya ce ya auri Baturiya. Wani ya ce a masaƙa yake aiki. Wani ɗan kasuwa a Jahun ya rantse an ce masa ya rasu. Inna takan saurara har a gama, ta ce, "Ni dai na gan shi ranar Lahadi, lafiyarsa ƙalau."

Maganar nan tana ƙona min rai. Ni ce ke tashi in hura mata wutar banda idan tarin ya kama ta. Ni ce ke barin 'ya'yana in kai ta asibiti. Shekarun da ruwa bai cika fadama ba, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta na dawowa da gora ba komai, ni ce na riƙe gidan. Amma idan ta tashi yin addu'a da ƙarfi, sunansa ne a gaba. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Kishi da mutumin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Wata rana na ce mata, "Ni da nake gabanki da jini da tsoka ba kya gani na, sai wani baƙo a cikin gilashi. Wallahi ba shi ba ne, Inna. Ba shi ba ne!" Ta ce, "Ke ai kina nan." Ta ci gaba da juya kifinta.

Wata Lahadi zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta ciro kaset ɗin daga adakarta ta ƙarfe, inda take ajiye shi a cikin rigar sanyin da ba ta taɓa sawa ba, ta ce in je in kalla a madadinta kada ranar ta wuce a banza. Na yi tsaki na karɓa. Malam ya fita, Maman 'yan biyu ta kunna min ta koma girkinta. Ranar ce ta farko da na kalla ba Inna a gabana tana tare min gilashi, ba kuma wanda zan yi wa gardama. Siririn ya faɗi a kusurwa, na'ura ta juya. Mutumin ya ɗaga hannu. Kafin a ɗauke, yana sauke hannun, sai ya kai shi ya ja kunnensa na dama.

Yaya ke nan. Tun muna yara, idan murna ta kama shi sai ya ja kunnen nan, har Inna kan ce zai tsinke shi. Na zauna ina kuka a ɗakin mutane, wasa na ta tafiya.

Ban faɗa wa kowa ba. Da na koma Inna ta ce, "Kin gan shi?" na ce na ga dai mai hular. Ba zan iya ba. Idan shi ne, to yana da lafiya, yana da kuɗin shiga fili, yana da bakin yi wa ƙartin wata ƙasa ihu, mu ne dai ba ya so. Gara min a ce ba shi ba ne.

Sai shekarar babban ruwa. Mun saba da ambaliya, ita ce abincinmu, amma ta wannan shekarar ta wuce fadama. Jinga ta ɓalle da hantsi, kafin azahar ruwa ya kai gwiwa a layinmu. Na goya ƙaramin ɗana, mijina ya ɗauki Inna a baya tana ta cewa a koma a ɗauko adaka. Ina! Bangon ɗakinta ya riga ya fara zubewa. A makarantar da nake koyarwa muka zauna, mu da su Malam da rabin unguwa, kowa da ƙunshinsa. Malam a kansa ya ɗauko bidiyonsa da talabijin ya fito da su. Inna ba ta ci abincin kirki ba duk zaman da muka yi.

Da ruwa ya janye kowa ya koma kan nasa. Gidana ma katanga ta faɗi, na yi kwanaki ina kwashe laka da tsane kayan yara. Na san an tono mata adakar, na san ruwa ya shiga, na ce mata ta bari kada ta taɓa komai sai Malam ya gani. Ta ce to.

Ran da na samu kaina na leƙa, tun daga zaure na ga abin. Igiyoyin shanyar taliya duk an ɗaura su, daga ƙofar madafa zuwa bishiyar darbejiya, a kansu kuma zaren kaset ne, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ya cika tsakar gida yana kaɗawa a iska. Ga ƙwaryar kaset ɗin a buɗe a kan tabarma, ta kwance ƙusoshin da bakin wuƙa, ta jera su a murfin kwano don kada su ɓace. Ga bokiti, ga sabulun salo, ga soso, ga toka. Inna mace ce da ba ta yarda da ƙazanta ba. Kifin da zai hau bandarta sai ya sha wanki uku.

"Inna! Me kika yi?"

Fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kafin ruwa.

"Laka ce ta shige ko'ina. Sauran zaren, ɗauraya kawai na yi masa. Amma zo ki ga wajen yayanki."

Ta ja ni gindin darbejiya. Ta gane wurin da yamutsewar nan da Malam ya taɓa nuna mana. Nan ta zauna ta ba shi haƙƙinsa, da soso da toka, a hankali, don kada ta ji masa. Tsawon kamu guda na zaren ya koma fari tas, ana ganin ganyen bishiya ta cikinsa.

"Kin ga baƙin da ya fita? Dubi hannuna. Ashe duk dattin nan ne ya sa fuskarsa ba ta fitowa sosai. Yanzu kam za ki gan shi, ki daina min gardama."

Na kalli yatsunta, baƙi ƙirin har cikin farce. Ni ba masaniyar na'ura ba ce, amma na san zaren kaset baƙi yake zuwa daga shago. Na ce bari in kira Malam.

Malam ya zo ya tsaya a tsakar gida, ya kalli igiyoyin, ya kalli farin wurin, ya kalle ni. Ya zauna a kan turmi ya fara naɗe zaren da yatsa, Maman 'yan biyu na sauko masa da shi daga igiya kaɗan-kaɗan. Yini guda suka yi.

Lahadi muka je. Ɗakinsu har yanzu yana warin danshi, alamar ruwa ta zagaye bango. Inna ta sa mayafin biki, ta kawo kifi a faranti. Aka kunna. Hoton ya fito, da zane-zane da tsalle-tsalle, murya na shaƙewa tana dawowa, amma ga fili, ga ƙartin. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta juyo ta harare ni. Aka tafi hutu aka dawo. Aka kayar da mai jan gashi karo na biyar. Ta gyara mayafi. Siririn ya karɓi ƙwallo, ya zille wa na farko.

Sai na'urar ta yi ƙas, gilashi ya koma shuɗi. Muka ji tana gudu da kanta, tana mayar da zaren farko.

"Wuta ce?" in ji Inna.

Ba wuta ba ce, fanka na juyawa. Malam ya sake gwadawa, ya kai kusa da wurin ya saki. Siririn ya zille wa na farko. Ƙas. Ta sake komawa.

Malam ya durƙusa a gabanta. "Mama, na'urar nan idan ta ga farin zare, ɗauka take kaset ya ƙare. Baƙin nan ba datti ba ne. A jikinsa hoton yake."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe tafukan hannunta a kan cinya ta zuba musu ido. Ta wanke su ya fi a ƙirga tun ranar, amma gefen farcen babban yatsa da saura.

Malam ya ce zai iya yanke farin ya haɗa bakin biyu, wasan ya wuce har ƙarshe. Ta gyaɗa kai. Ya yanke da reza, ya miƙa mata guntun. Ta ɗaga shi saitin taga, ta juya shi gaba da baya. Babu komai a ciki sai hasken rana.

A hanyar gida farin zaren na naɗe a yatsanta. Mun zo daidai inda katangar ɗakinta ta zube sai ta tsaya, ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke kullum cewa kike ba shi ba ne."

"Haka nake cewa, Inna."

"To faɗa min yanzu. Faɗa min ba ɗana na wanke ba."

Shekara da shekaru ina faɗar maganar nan da tsiwa, ba ta taɓa yi min nauyi a baki ba. Ranar da ƙyar ta fito. Ina ganin hannun nan yana kaiwa kunne.

"Ba shi ba ne, Inna. Wani ne kawai mai hula."

Ta kalle ni, irin kallon da take min ina yarinya idan na ce ba ni na shanye nonon ba. Ta saki hannuna.

"Shi ne," ta ce. "Ke ma kin sani. Ba ki ga ya ja kunne ba?"

Ta ƙulle zaren a bakin zaninta, ta shiga gida. Yaya bai zo ba, bai aiko ba, har yau ban san ko yana raye ba. Inna ba ta ƙara taka gidan Malam ranar Lahadi ba har ta rasu. Kifin dai, duk mako, sai ta zuba a faranti ta rufe ta ce in kai musu.